Kowa na jin Hausa a Gombe, amma labarin wa muke ji?

A Gombe kowa na jin Hausa, shi yasa muke ganin kamar mun san juna. Ka shiga babbar kasuwa ko ka tsaya a tasha inda motocin Billiri da Kaltungo da Talasse ke lodi, zaka ji Batangale na ciniki da Bafulatani, ɗan Waja na tsokanar ɗan Bolewa, mutumin Deba da Teranci ne yaren gidansu yana rigima da kwandasta kan canji, duk da Hausa ɗaya babu tafinta. Baƙo in ya zo sai yace kai mutanen nan kansu a haɗe yake. Kuma ba ƙarya yayi ba, mafi yawan lokaci lafiya ake zaune, ana zuwa bikin juna ana zuwa ta'aziyyar juna, har auratayya ana yi. Amma ni dai na daɗe ina ganin Hausar nan da ta haɗa mu a kasuwa bata kai mu cikin ɗakin juna ba. Mun san yadda kowa ke taya kaya, bamu san labarin da kakar kowa ta bashi da daddare ba, alhali a nan ake gina mutum.

Ka tuna yadda muka taso mana. Bayan isha a baza tabarma, tsohuwa tace ga ta nan ga ta nanku, mu amsa ta zo mu ji ta, sai Gizo da Ƙoƙi, sai kura da kwaɗayinta, sai yarinyar da ta ƙi kowa ta auri dodo. A lokacin nishaɗi muka ɗauke shi, amma darasi ake ɗura mana ba tare da an ce darasi bane: wa ake tsoro, wa ake yi wa dariya, me marar ƙarfi zai yi in ya haɗu da mai ƙarfi, me ke samun yaron da bai jin magana. A rugar Fulani zomo ne mai wayon kura ce sakarya, a wajen Yarbawa da Ibo kunkuru ne, a Ghana kuma gizo-gizo ne irin namu, Ananse, wanda bayin da aka kwasa suka tsallaka teku dashi a kansu har yau ana bada labarinsa a Jamaika. Mutane na son kawo wannan a matsayin hujjar cewa ai duk ɗaya muke, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni ba kamannin ne ke ɗaukar hankalina ba, wajen da labarin ya bambanta ne, don daidai wajen ne kunnenmu ke tsallakewa.

Akwai wani Bature masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederic Bartlett, da ya wallafa wani gwaji a 1932. Ya ɗauko tatsuniyar wasu 'yan asalin Amurka, jajayen Indiyawan nan, ya ba Turawan Ingila su karanta, bayan wani lokaci yace su maimaita abin da suka karanta, wani lokacin kuma wannan ya faɗa wa wancan, wancan ya faɗa wa na gaba. Labarin na wasu samari biyu ne da suka je bakin kogi farautar wata dabbar ruwa, sai ga kwale-kwale da mutane suka ce su zo a tafi yaƙi, ɗaya ya ƙi ɗaya ya bi su, ana cikin yaƙin aka ce an harbe shi amma shi bai ji ciwo ba, nan ya gane da fatalwa yake tare, ya dawo gida ya bada labari, rana na fitowa ya faɗi wani baƙin abu ya fito daga bakinsa ya mutu. Toh da Turawan nan suka zo maimaitawa sai labarin ya riƙa gajarta, kwale-kwale ya koma jirgin ruwa irin wanda suka sani, farautar ta koma kamun kifi, fatalwan nan da su ne ƙashin bayan labarin wasu suka watsar dasu gaba ɗaya wasu suka nemo musu bayanin da zai shiga hankalin mutumin Ingila. Babu wanda yayi niyyar ƙarya a cikinsu. Ƙwaƙwalwa ce kawai, abin da ta samu wajen ajiye shi ta ajiye, abin da bata da mazauninsa ta yar ko ta sauya masa kama.

Wallahi na ga irin wannan da idona a gidan hayar da muke a Tumfure. Akwai wata dattijuwa Batangaliya da ke zaune wajen ɗanta, ma'aikaci ne, kowa a gidan Mama yake ce mata. Lokacin zafin nan na Afrilu in nepa sun ɗauke wuta ba mai iya zaman ɗaki, kowa ya fito da tabarma tsakar gida, yara suka dame ta sai ta yi musu tatsuniya, tace ita yau ba tatsuniya zata yi ba, labarin gaske zata basu. Tace kakarta ta bata labari cewa a da mutanensu ba a ƙasa suke kwana ba, a kan dutse suke, rumbu ma a sama, gona ce kawai da ruwa ke sauko dasu. Kullum akwai mai tsayawa a ƙololuwa yana duban gabas da arewa, in ya hango ƙura ta tashi ba ta iska ba sai ya kwarma ihu, kowa ya yar da fartanya ya kama hawa, don doki baya hawa dutse. Tace wata rana wata yarinya a danginsu ta sauka ɗiban ruwa da sassafe, ihun ya same ta a rafi, tulun kawai aka samu. Daga nan sai Mama ta faɗi sunan yarinyar, ta sake faɗa, tace har yau a zuriyarsu ba a rasa mace mai wannan sunan, ita ma ƙanwarta sunan kenan, don kar a ce ta ɓata gaba ɗaya.

Ɗan yayana yana wajen, yaro ne ɗan aji biyar mai kaifin kai. Washegari naji yana ba uwarsa labarin tana tankaɗe, tiryan-tiryan ya kawo dutsen da rumbun da ihun da tulun, amma masu dawakin sun koma 'yan fashi, kuma maganar sunan bai ma taɓo ta ba. Uwar tace Allah sarki, Allah ya raba mu da ɓarayi, ta ci gaba da aikinta. Kaga yaron nan a duniyarsa mai doki shi ne na hawan sallah, mai rawani da alkyabba, wanda ake ɗaga shi a kafaɗa don ya gani, kakanninsa kenan. Ina zai ajiye labarin da mai doki ne abin gudu? Babu wajen, sai kansa ya gyara masa. Shi kuma sunan da ake ta maimaitawa shekara da shekaru, wanda a wajen Mama shi ne dalilin bada labarin ma, a kunnensa ƙarin bayani ne marar amfani.

Kuma kar wani ya ɗauka gefe ɗaya ne ke da irin wannan. Mu ma a gidanmu akwai labarin da Bappa ke bayarwa muryarsa na rawa. Buba Yero da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa masarautar Gombe, da zaman Gombe Abba, hedikwatar masarautar ta farko, sannan Bormi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya tsaya da jama'ar da suka bar gidajensu suka biyo shi don kar su zauna ƙarƙashin Nasara, aka kashe shi a nan ƙasar tamu tare da ɗimbin mutane. A wajen Bappa zuwan Turawa faɗuwa ce, ranar baƙin ciki. A wajen da yawa daga jikokin mutanen dutse kuwa, duk da su ma sun sha wutar sojan Turawa kafin a sauko dasu, zamanin ne aka daina tsayawa gadin ƙura, kuma bayansa makaranta da asibitin mishan suka zo. Shekaru ɗaya, ƙasa ɗaya, tafiyar da bata kai yini a mota ba tsakani. Jikan Mama bai taɓa jin Bormi a matsayin makoki ba, ɗan yayana bai taɓa jin hawan dutse a matsayin tarihin maƙwabcinsa ba, kuma gobe su biyun ne zasu zauna a ofis ɗaya a sakatariya su yi gardama kan wa aka danne a jihar nan, kowa na mamakin taurin kan ɗan uwansa.

A ilimin halayyar ɗan Adam, saikoloji kenan, akwai reshe guda da aikinsa shi ne kwatanta yadda al'ummomi daban-daban ke tunani da ji da yanke hukunci. Abin da ya sa reshen ya zama dole ma abin dubawa ne. A 2008 wani mai suna Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun fannin ya ƙirga su wa ake gwaje-gwajen nan a kansu, ya samu kashi 68 cikin 100 Amurkawa ne. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu suka fito da maganar fili, kashi 96 na waɗanda aka gwada daga ƙasashen da basu wuce kashi 12 na mutanen duniya ba suke, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne. Da haka ake rubuta littafi a ce ɗan Adam kaza yake, a kawo mana nan a koyar a kwalejin ilimi mu haddace mu ci jarabawa. Ban ce a watsar da ilimin ba, akwai alheri mai yawa a ciki, amma ya kamata mai karantawa a Gombe ya riƙa tambaya shin mu ma haka muke?

Misalin da nafi so shi ne na mutanen Kpelle a Laberiya. Wani mai bincike Joseph Glick ya zube musu kaya, abinci da kayan aiki da kayan girki da tufafi, yace su ware su kashi-kashi. A makarantar boko amsar da ake so ita ce abinci gefe, kayan aiki gefe. Su kuwa sai su haɗa wuƙa da lemo, fartanya da dankali, don wuƙa ce ke yanka lemo fartanya ce ke tono dankali, in an tambaye su suce ai haka mai hankali zai yi. Da ya gaji sai yace toh wawa fa yaya zai yi? Nan take suka ware masa abinci gefe kayan aiki gefe, daidai yadda littafinsa ke so. Da bai yi tambayar nan ta ƙarshe ba da ya koma gida ya rubuta cewa mutanen nan basu iya tunani ba. Sau nawa mu ma muke tsayawa kafin tambayar ƙarshe?

Ga wanda ya faru a danginmu. Addata ta kai ɗanta asibiti da zazzaɓi mai zafi har yana fisge-fisge, surukarta da ƙanwarta na tare da ita. Likitan matashi ne ɗan bautar ƙasa daga kudu, mutumin kirki sosai, ya dube ta yace yaya sunan yaron. Ta sunkuyar da kai tayi shiru. Ya sake tambaya, ta juya ta kalli ƙanwarta, ƙanwar ce ta faɗi sunan. Aka kwantar dasu, surukar ce ke riƙe da yaron, ita tana can ƙarshen gado ta juya wa ɗakin baya kamar baƙuwa. Ran likitan ya ɓaci, ya fita yana cewa wace irin uwa ce wannan, ɗanta na neman mutuwa ko sunansa ta kasa faɗa. Wata nas ce, 'yar Waja, babbar mace, ta tare shi a baranda tace likita ɗan farinta ne fa, Bafulatana bata kiran sunan ɗan fari, bata nuna shi a gaban surukai, kunya ce ba ƙiyayya ba. Yace shi bai gane ba. Bata tsaya yi masa lakca ba, tace ni na taso da maƙwabciya haka, ɗanta ya tafi makarantar kwana ko rakiya bata yi masa ba, amma wata uku bata cin nama tana soyawa tana ajiye masa, in kana son ka ga uwar yaron nan ka zagayo cikin dare bayan tsohuwar tayi barci. Ya zagayo kuwa, ya same ta zaune ta ɗora kan yaron a cinya tana masa fifita da gefen mayafi tana tofa masa addu'a, idonta ya kumbura. Da safe har ƙasa ya gaishe ta.

Abu biyu ne a nan. Na farko bayanin bai shige shi ba sai da aka bashi labarin mutum ɗaya, da naman da aka soya aka ajiye. A ce maka Fulani na da pulaaku, da kunya da haƙuri da hankali, wannan rubutu ne a allo, zaka iya haddacewa ka ci gaba da ganin matar a matsayin marar tausayi. Na biyu, wanda ya fi tsaya min a rai, 'yar Waja ce ta fassara Bafulatana ga likitan nan, Bayarabe ne ko Ibo, ta san mu ciki da bai. Toh a juya, da matar Waja ce tayi wani abu na al'adarsu a gadon nan da ya ɗaure wa likita kai, mu nawa ne a cikinmu zamu iya tsayawa a baranda mu yi mata bayani? Gaskiya kaɗan ne. Sun koyi yarenmu, sun san azuminmu da lokacin sallarmu, sun san Gizo, yaransu na kallon finafinanmu, da yawa ma yaran nasu da aka haifa a cikin garin Gombe Hausa ce a bakinsu yaren gida sai ɗan tsinta-tsinta. Mu kuwa sannu da yarensu ma bamu iya ba, kuma in wanda ba Bahaushe ba ya fito a wasan kwaikwayonmu yawanci don a yi dariyar gurɓatacciyar Hausarsa aka sako shi. Nauyin fahimtar nan gefe ɗaya ne ke ɗauke dashi tun da daɗewa, kuma mai ɗaukar kaya shi kaɗai wata rana zai gaji.

Mu Hausawa da Fulani gwanaye ne wajen karɓar labarin wasu, wannan ba a musu. Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930 ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu riga da hula a Magana Jari Ce, har yau akwai masu rantsuwa cewa a ƙasar Hausa aka yi su. Baiwa ce babba. Amma ka lura, baiwar mayar da na wani namu ce, mu sauya suna mu sauya gari mu cire abin da bai dace damu ba. Wadda muke da ƙarancinta ita ce ta barin labarin mutum a yadda yake, da ɓangaren da bai mana daɗi ba, mu zauna dashi haka.

Wani binciken kuma da ya shafe mu kai tsaye, na Michael Morris da Kaiping Peng ne a 1994. Sun ɗauki kisan kai guda biyu da aka yi a Amurka suka duba yadda jaridar Turanci da jaridar Sinanci suka bada labarin. Ta Turanci ta fi karkata ga halin mai kisan, mai zafin rai ne, dama can haka yake. Ta Sinanci ta fi duba abin da ya kewaye shi, an kore shi aiki, basa shiri da maigidansa, ya rasa mai jin kukansa. Abu ɗaya ya faru amma inda aka ɗora dalili daban. Da na karanta sai na ga ai mu duka biyun muke yi, ya danganta da wanda yayi laifin. In namu ne sai mu zama 'yan Sin, ai tsokanarsa aka yi, ai talauci ne, ai yaro ne. In nasu ne sai mu koma Amurkawa, halinsu ne, dama haka suke tun kakanni. Duk wanda ke cikin guruf-guruf na WhatsApp lokacin rikicin Billiri na 2021 kan sarautar Mai Tangale ya ga wannan ƙuru-ƙuru, ta kowane ɓangare. Saƙon murya na yawo, kowa na bada labari daga daidai inda aka taɓa nasa, babu mai farawa daga inda nasa ya taɓa wani. Don haka in ana cewa labari na haɗa kan mutane ni nakan ce a yi a hankali, labari ne kuma ke raba su, wanda ya ɗauki makami ma wani labarin aka bashi ya yarda.

Toh shin yana aiki kuwa, ko dai daɗin baki ne na masu taron bita a otal? Akwai waɗanda suka gwada da gaske. A Ruwanda bayan kisan kiyashin 1994 an yi wani wasan kwaikwayo na rediyo kan ƙauyuka biyu masu gaba da juna kan ƙasar noma, da saurayi da budurwa da suka fito daga ɓangarorin biyu. Elizabeth Paluck ta bi masu sauraro tsawon shekara guda, wasu rukunin na jin wannan wasu na jin wani shirin na kiwon lafiya, ta wallafa sakamakon a 2009. Abin da mutum ya yarda dashi can cikin ransa bai wani motsa ba. Amma abin da yake ganin jama'a sun ɗauka daidai ne ya sauya, kamar auratayya tsakanin ɓangarori, da iya buɗe baki ka ce ban yarda ba a cikin taro, da haɗa hannu a warware matsala. A nan kusa damu ma, Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu ajin a gauraye wasu kowa da nasa, sakamakon ya fito a 2018. Ra'ayin da kowa ke dashi kan ɗaya ɓangaren yana nan yadda yake, amma da aka zo rabon kuɗi a gwaji, waɗanda suka zauna a gauraye basu nuna bambanci kamar waɗanda suka zauna da 'yan uwansu zalla ba.

Wani zai ce ashe ba a yi komai ba tunda zuciya bata sauya ba. Ni kam ban ga haka ba. Mutumin da har yanzu yana da 'yan maganganunsa a ciki amma ya raba daidai, ya bar 'yarsa ta je bikin ƙawarta a Kaltungo, ya ce wa 'yan guruf ɗinsu kai ku bari wannan ƙarya ne, wallahi shi ake nema ranar da gari ya ɗau zafi. Zuciya tana biyo baya a hankali, wataƙila sai a kan 'ya'yansa. Kakanninmu ma inaga sun fahimci haka, shi yasa suka bar mana wasan barkwanci. Bafulatani da Babarbare su haɗu a tasha kowa na kiran ɗan uwansa bawansa, a tono tsohon yaƙi a mayar dashi abin dariya, a rabu ana tafawa, ba don an manta ba sai don an samu hanyar faɗarsa ba tare da an zare wuƙa ba. A Nijar har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan al'adar cikin kayan gadon duniya a 2014. Sai dai barkwanci na tafiya ne tsakanin waɗanda ke ganin juna daidai wa daida. Ba zaka fara da tsokanar Mama kan hawan dutse ba alhali baka taɓa zama ka ji sunan yarinyar nan ba, sai ka ji tukuna, wasan ya zo daga baya in ita ta buɗe ƙofar.

Jihar nan tun da aka cire ta daga Bauchi a 1996 ƙananan hukumomi 11 ne kacal, daga Nafada zuwa Shongom ba wata tafiya ce ta a zo a gani ba, ga gidajen rediyo muna dasu ana ji har ƙauye. Me zai hana a samu shiri ko na rabin awa a mako, tsohuwar Tula ko ta Cham ko ta Dadiya ta bada labari da yarenta, jikarta ta mayar da Hausa, kuma kar mai gabatarwa ya gyara, kar ya ce wato dai kamar Gizo kenan a wajenmu, ya bar shi da baƙuntarsa. Mako na gaba a kawo tsohon da zai bada Bormi, na gaba a kawo Bolewa da Tera da Jukun. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Malaman firamare ma zasu iya ba tare da jiran kowa ba, ka ce wa kowane yaro ya je ya ɗauko labari ɗaya wajen kakarsa, in ya faɗa a aji sai ka sa wani yaron na wata ƙabilar ya maimaita, sannan ka tambayi mai labarin me aka bari a baya. Gwajin Bartlett kenan ba ko sisi, kuma yaran da kansu zasu ga inda kunnensu ke tsallakewa.

Tsofaffin nan kuwa tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya, Mama ma yanzu ƙafa ta matsa mata ɗanta na maganar mayar da ita gida Billiri kafin damina. Kowa na da waya a hannu, rikoda na ciki, ko data ba ta ci. In kana da kaka ko maƙwabciya mai labari ka ɗauka da yaren da ta ga dama, kar ka katse ta, in ta gama ka tambaye ta wane waje ne a ciki in an cire labarin ya lalace. Na tambayi Mama ko zata yarda a ɗauki nata tace toh, amma sai jikokinta sun zauna a wajen, kuma da Tangale zata fara kafin ta juya mana da Hausa.